Tambaya da amsa: Matata ta kumbura har fuska, Inna ta ce alamar namiji ne

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan an tashi lafiya, ya aiki ya haƙuri da mu. Ni manomi ne a wani ƙauye can bayan Pitowa, kusa da Garwa a Kamaru. Matata cikin fari ne da ita, wata bakwai ya shiga na takwas, shekarunta 18. Sati biyu kenan ƙafafunta sun kumbura, yanzu abin ya hau har fuska, da safe idanunta kamar wadda ta kwana kuka, zoben hannunta ma sai da aka sa sabulu ya fita. Kullum ciwon kai, jiya kuma tace min tana ganin wasu abubuwa kamar taurari suna gilmawa. Innata tace ba komai haka tayi a cikina, alamar namiji ne, abokiyar zaman Inna kuma tace a dinga yi mata hayaƙi kar iska ta shige ta. Wani mai magani a kasuwar Lahadi ya bani wasu ƙwayoyi ƙanana farare yace zasu tsotse ruwan, ta sha kwana uku ƙafar ta ɗan sace. Bata taɓa zuwa awo ba saboda nisa, kuma gaskiya ana tsorata mu wai da an je sai ace tiyata. Hankalina bai kwanta ba Hajiya, me zanyi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Dan Allah kar ka jira ka kai ƙarshen rubutun nan, ka nemo moto, wato babur, yau ɗin nan ka kaita asibiti mafi kusa a ɗaura mata abin awon tansiyo, wato awon hawan jini, a gwada fitsarinta, ragowar ka karanta a can kana zaune kan benci. Ba gobe ba, ba sai an dawo daga gona ba. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai naci, ganin taurari, ga cikin fari ga ƙuruciya, a wurinmu ungozomomi wannan hawan jinin mai ciki ne har sai awo ya nuna mana ba shi bane, kuma abin da ke biyo bayansa shi ne jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Ƙwayar nan kuma a daina sha daga yanzu, amma kar ka zubar, ka tafi da ita a aljihu ka nuna musu.

Toh bari in yi maganar Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, ba raina ta nake ba. Ta yi gaskiya a rabi. Kumburin ƙafa kawai, wanda ke zuwa da yamma in mace ta wuni a tsaye gaban murhu, ta kwanta da safe ya tafi, wannan kusan kowace mai tsohon ciki tana yinsa, balle a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu. Amma wanda ya hau fuska ya cika yatsu ya ƙi sauka da safe, wani abu ne daban. Kuma babu ruwan kumburi da namiji ko mace, na karɓi haihuwar maza daga matan da ƙafarsu ko alamar ruwa babu, na karɓi mata daga waɗanda suka cika fam. Awon ma ba wani abu mai wuya bane, minti biyar ne. In tansiyo ya kai 140/90 bayan sati 20 na ciki kuma ɗan tsinken takardar nan da muke tsomawa a fitsari ya canza launi ya nuna furotin, ciwon ya tabbata. In ya kai 160/110 ko akwai irin alamun da ka lissafa, ba a barin mace ta koma gida ranar.

Yanzu ga abin da ke cin raina kullum, kuma zaka yi haƙuri in na daɗe a kai domin wlh na gaji da ganinsa. Maganar iska. Mace tana zaune lafiya lau sai ta faɗi, idanu su juye, haƙora su datse, jiki ya hau karkarwa, kumfa a baki, sai gida ya ɗauka ai mutanen ɓoye ne suka taɓa ta, wai ta fita da magariba ko ta zuba ruwan zafi a bayan gida ba bismilla ko ta bi ta ƙarƙashin tsamiya. Nan take a rufe ɗaki, a kawo garwashi a zuba tazargade da tafarnuwa, wani ya danna mata cokali a baki, wata ta ɗaga kanta ta ɗura mata rubutu, a aika yaro ya kira mai ruƙiyya daga ƙauyen gaba. Jijjigar ta lafa da kanta bayan minti ɗaya ko biyu, domin dama haka take yi, sai kowa yace alhamdulillahi ya fita. Bai fita ba! Babu wanda ya shiga balle ya fita, jini ne ya hau ya matsa wa ƙwaƙwalwa, kuma yana iya dawowa sau da yawa, a tsakani jaririn da ke ciki yana rasa iskar shaƙa, mabiyiya tana iya ɓallewa daga jikin mahaifa jini ya taru a ciki ba a gani, ƙoda tana iya tsayawa, jijiya tana iya fashewa a kai.

Wata damina, ina aikin dare, aka kawo min yarinya da bata wuce 17 ba, a kan moto an sa ta a tsakiyar maza biyu an ɗaure ta da rawani a jikin na gaba don kar ta zame. Zaninta duk ƙaurin hayaƙi, harshe ya kumbura ta tauna shi, gefen kumatunta baƙin tawadar rubutu ya bushe, numfashinta na ƙara kamar ana zuƙar kunu da tsinke domin abin da aka ɗura mata huhu ya tafi ba ciki ba. Na tambayi mijin tun yaushe, yace tun bayan azahar. Lokacin ƙarfe biyun dare ta wuce. Sau nawa ta faɗi, yace sun daina ƙirgawa. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, ta kwana biyu bata san inda take ba sannan ta farfaɗo, amma ɗan bai zo da rai ba. Abin da na kasa mantawa shi ne uwar mijin da ta riƙe hannuna a bakin ƙofa tana cewa 'yata ai mun yi iya ƙoƙarinmu. Kuma da gaske take, sun yi ƙoƙari, sun kashe kuɗi sun yanka kaza sun hana idonsu barci, sai dai duk a inda ciwon baya nan.

Ni Musulma ce ƙanena, ina karanta Falaƙi da Nasi a kan majinyata, ban taɓa hana kowa addu'a a matanite, wato ɗakin haihuwa, ba. Amma addu'a tana tafiya a kan moto, malam zai iya tofa mata a hanya, zai iya biyo ku asibiti. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rufe mace a ɗaki awa goma alhali maganin abin yana nan, allura ce mai suna magnesium sulfate, ba ta da tsada, ana yinta a jijiya da ɗuwawu, tana tsayar da jijjiga kuma in an yi ta da wuri tana rage hatsarin faɗuwar da fiye da rabi. Ga magungunan saukar da jini da suka dace da mai ciki irin su Aldomet da nifedipine. In Allah ya kiyaye ta faɗi kafin ku iso, ku kwantar da ita ta gefen hagu, ku kawar da wuta da duk abin da zai ji mata ciwo, kar a sa komai a bakinta, ba cokali ba yatsa ba ruwa ba rubutu, kar a danne ta, ta lafa ku ɗauka ku tafi. Kuma ka sani ciwon nan yana iya tasowa bayan an haihu, musamman kwana biyun farko, don haka mai jego da tace kanta na sarawa ba zafin wankan jego bane a ƙara mata kunun kanwa, a mayar da ita a gwada.

Shi kuma mai maganin kasuwa, Allah ya shirye shi. Daga yadda ka kwatanta ina zargin Lasix ya baka, maganin sa fitsari. Ka ga mugun abin, ƙafa zata sace kowa ya ji daɗi, alhali ciwon yana nan daram, an dai goge alamar da zata sa ku tashi tsaye, kuma mai irin wannan ciwo dama ruwan da ke cikin jijiyoyinta ya yi ƙaranci ya tsere cikin tsoka, in ka ƙara tsotse shi jinin da ke zuwa wa jariri ne ka rage. Mutumin da ya shimfiɗa ƙwayoyi a tabarma cikin rana kusa da masu gyaɗa da albasa, bai taɓa ɗaura wa kowa abin awo ba, shi ne dokta? Su ne kuma masu ba mai ciki diclofenac don ciwon kai, su ne masu yin allurar naƙuda a gida har mahaifa ta tsage. Kai, bari in yi shiru.

Batun tiyata, bazan yi maka ƙarya ba. Maganin ciwon nan na ƙarshe shi ne a rabu da cikin, in abin ya tsananta likita zai iya cewa a tayar da naƙuda ko a yi aiki ko da wata bai cika ba. Amma da yawa suna haihuwa da kansu, kuma wadda aka kawo da wuri ita ce ke da zaɓi, a daidaita jinin a yi mata allurar ƙarfafa huhun jariri a ja lokaci. Wadda aka kawo a sume ce ake shiga da ita ɗakin aiki a guje. Shi yasa mutanen ƙauye suke ganin kamar duk wadda ta je an yanka ta, domin sai abu ya lalace ake zuwa.

Kuɗi kuma, ka tambayi shek sante da zarar kun isa, takarda ce da ake saya don rage wa mai ciki kuɗin asibiti. Sefa 6,000 ne, an fara shi ne a jihohinmu uku na arewacin Kamaru, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, yana ɗauke awo da eko, wato hoton ciki, da haihuwa da tiyata in ta kama, har kwana 42 bayan haihuwa uwa da ɗa. Ba kowane asibiti ke karɓa ba, ka tambaya tun a bakin ƙofa. Na sani, na sani, wani lokaci a ce maka magani ya ƙare je ka farmasi, ko mai cika takardar baya nan sai Litinin, ko wata ma'aikaciya ta hau ku da faɗa wai sai yanzu kuka ga damar zuwa, wannan halin namu ne kuma ina jin kunyarsa, mace ta ratso rafi biyu da tsohon ciki a tarbe ta da tsawa gobe ai ba zata dawo ba. Ka shanye, ka karɓi rasit na duk abin da ka biya, ka riƙe littafin awonta da kyau. A asibitin za a bata Fansidar na zazzaɓin sauro da ƙwayar ƙarin jini da allurar tetanus da gidan sauro, duk abubuwan da ya kamata ace ta fara samu tun wata huɗu.

Ka tafi da Inna in zata yarda, ka zaunar da ita kusa da ungozoma ta ga lambar da idonta, a yi mata bayani cikin girmamawa, domin gobe in ka tafi gona ko kasuwar Garwa ita ce a gida kuma maganarta ce za a bi. Ka faɗa a gabanta da gaban matarka cewa ka bada izini ko baka nan a fita da ita, dare ko rana, ka bar kuɗin mai a hannun wani mai moto da ka yarda da shi, ka kuma yi magana da 'yan'uwa biyu da zasu iya bada jini in an nema. In hanyarku irin mai yankewa ce in ruwa ya sauka, gara ta koma gidan dangi a cikin gari tun yanzu ta jira haihuwa a can. In an gwada ka rubuto min lambobin nan biyu, na sama da na ƙasa, da abin da fitsarin ya nuna. Allah ya sauke ta lafiya.