Inda nake kai yarana a Zariya idan an ba da dogon hutu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da zuwa Zazzau, Allah ya sa kun shigo a sa'a. Kin ce bana kuka dawo garin, ga shi an ba da dogon hutu, yaranki uku, mai shekara bakwai da mai biyar da mai uku, zaman ɗaki ya ishe su, kina neman inda za ki kai su su yini ba tare da aljihu ya ji jiki ba. Ni nawa huɗu ne, duk a Tudun Wada na raine su, bari in gaya miki abin da na gani.

Kafin ki tambayi wuri, ki fara tambayar lokaci. Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, watan Agusta kuwa shi ne watan marka a nan. Sau da yawa za ki ga gari ya waye garau, amma daga azahar hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kafin la'asar ya tsuge. Saboda haka ni ƙarfe takwas na safe muke barin gida, ƙarfe ɗaya muna tsakar gidanmu. Awa huɗu ko biyar ta wadaci ƙaramin yaro, abin da ya wuce haka kuka ne da goyo.

A Dutsen Kufena na koyi wannan. Yana yamma da gari, bayan Wusasa, kuma tsohon mazauni ne na mutanen Zazzau tun kafin birnin da muke ciki. Zuwanmu na farko sai bayan ƙarfe uku muka isa, saboda na tsaya girki. Mun ɗan hau ke nan iska ta taso mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa, nan da nan yayyafi ya sauko. Dutsen da muka taka lafiya lau ya koma santsi kamar an shafa masa sabulu. Yarinyata mai shekara biyar silifas ne a ƙafarta, ta zame ta gurje gwiwa, silifas ɗaya ya gangara bai dawo ba. Na ƙara ɗaure goyon auta da zani, maigida ya riƙe biyu, muka sauko da zaune, a hankali, ina ta salati. Har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake. Mun koma bayan mako biyu, da hantsi, kowa da takalmi kambas, ba mu hau sama ba, muka shimfiɗa tabarma a kan falalen dutse daga ƙasa. Gonakin masara da dawa kore shar har iya ganin ido, yara suna bin ƙadangaru, babban yana tara tsakuwa a aljihu. Ranar ba su so tafiya ba. Amma don Allah kada ki je ku kaɗai. Ku tafi da maigida ko ku haɗu gida biyu, ku gaisa da manoman wurin ku tambaye su inda ya dace a zauna, kada ku nutsa daji, kin san halin da ake ciki na tsaro. A hanyar dawowa ki nuna musu tsohon cocin Wusasa, ginin ƙasa ne irin na Hausa tun 1929.

Wurin da ya fi sauƙi, kuma ƙananan suka fi so, shi ne wajen Palladan, inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964. Shiga ciki sai da izini, amma ba sai kin shiga ba. Ranar aiki da safe, idan sama ta washe, ƙananan jiragen ɗalibai suna tashi suna sauka suna kewaya gari. Ki sami inuwa nesa da titi ku tsaya. Autana yana ɗan shekara uku ya ɗaga kai yana ɗaga wa jirgi hannu har hularsa ta faɗi bai sani ba, ya kwana uku yana buɗe hannuwa yana zagaya tsakar gida.

Samaru ma tana da daɗi. Harabar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, fili ne mai faɗi da manyan itatuwa, yaro zai yi gudu ba ki fargabar babur kamar a lungu. Akwai lambun sassaƙe-sassaƙe a sashen zane, yara suna tsayawa su yi ta tambaya. Ki yi wa masu gadi bayani a ƙofa da ladabi. Sai dai dam ɗin Kubanni da ke can baya, kallo kawai daga nesa. Wannan ina faɗa da babbar murya: kada ƙafar yaro ta taɓa ruwan dam, ko rafi, ko kududdufan cikin gari da suke cika maƙil a damina. Ban da nutsewa, a irin wannan ruwan ake ɗaukar tsargiya, sai bayan makonni ki ga yaro yana fitsarin jini.

Fadar Sarkin Zazzau kuwa ta fi dacewa da mai shekara bakwai ɗin. Zai ga zanen ƙofar fada da dogarai da jajayen kaya, ga babban masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ku shiga ta Ƙofar Doka ki nuna masa ragowar ganuwa. Ranar Juma'a cunkoso ya yi yawa ga mai goyo, ki zaɓi wata safiyar.

Guzuri daga gida nake yi. Ruwa a gora, dafaffen ƙwai, dankali, zoɓo da na haɗa da hannuna, don damina lokacin amai da gudawa ce, ba na sayen abin sha na ƙulli a hanya. Masara gasasshiya ce kawai nake saya, tunda a gabana ake cire ta daga wuta. Dafaffiyar gyaɗa ki ɓare wa ƙaramin ki murje masa, kada ya shaƙe. Ki saka kayan canji da babbar leda da auduga da filasta a jaka. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na 'yan ƙasa da shekara biyar suka zo ƙofarki, ki karɓa wa ƙaramin, ki cika kwana ukun da suka ce kowane wata.

In da ni ce ke, da Palladan zan fara, ranar Talata ko Laraba, Keke Napep ɗaya ya ishe ku. Kufena ki bar shi sai ranar da maigida yake gida, kuma aka kwana biyu ba a yi ruwa ba.