VLC da bidiyon da ke ɓangaren Windows

Malam, ka ce ka sa Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta irin Windows, kusa da Windows a kwamfuta ɗaya, amma VLC, manhajar kallon bidiyo, ya kasa ganin bidiyoyinka da ke ɓangaren faifan ajiya da Windows ke ciki. Ni ma na sha wannan wahalar, har na yi ta goge VLC ina sake sawa a banza.

Ka fara buɗe ɓangaren a Files, manhajar duba fayiloli ta Ubuntu, tukuna, don sai an buɗe shi VLC ke ganinsa. Idan ɓangaren ya ƙi buɗuwa, mai yiwuwa Fast Startup ne, wani saitin Windows na saurin kunna kwamfuta. Tun daga Windows 8 yake, ba ya barin kwamfuta ta mutu gaba ɗaya, sai ya bar faifan a kulle. Koma Windows, shiga Power Options, wato saitin wuta, ka cire alamar Fast Startup, sannan ka kashe na'urar. Don Allah kada ka tilasta buɗe faifan, fayilolinka na iya lalacewa.