Fis ɗin fitilun Kirsimeti ya ƙone sau biyu, mai gyara ya naɗa mana waya

TAMBAYA: Salama, Injiniya. Ina zaune a Jos, gidan haya, ɗaki biyu da falo. Bana na ce sai na faranta wa yara rai, na sayo bishiyar Kirsimeti ta roba da igiya huɗu ta ƙananan fitilun nan masu walƙiya, na shimfiɗa auduga a gindin bishiyar, babban ɗana kuma ya haɗa komin dabbobi da kwali da busasshiyar ciyawa. Soket ɗaya ne a falon, saboda haka komai a ekstenshan ɗaya yake a bayan kujera: fitilun, talabijin, hitar ɗumama ɗaki, da safe kuma dutsen guga da hitar ruwa. Sau biyu fis ɗin filogin yana ƙonewa. Wani yaro mai gyara a layinmu ya zo ya naɗa waya a gurbin fis ɗin, ya ce fis ɗin zamani ne ba shi da ƙarko, fitilun kuma ba sa jan wuta. Yanzu komai na aiki, amma filogin yana ɗaukar zafi, wani lokaci ina jin ƙauri-ƙauri. Yara suna so a bar fitilun a kunne har gari ya waye, da lokacin da za mu tafi sujadar dare. Hankalina ya ƙi kwanciya. Akwai matsala ne?
Wata uwa daga Jos

AMSA: Salama, Uwargida. Ajiye wayar hannunki tukuna, ki je ki kashe soket ɗin, ki zare filogin nan daga bango, sannan ki dawo mu yi magana. Ƙaurin da kike ji roba ce ke dahuwa, kuma hancinki ya fi yaron nan sanin aiki.

Maganarsa ɗaya ce gaskiya: fitilun ba sa jan wuta sosai. Igiyar LED mai ƙwai ɗari da wuya ta wuce wat 10, duka huɗun naki ba su kai tsohon ƙwan nan mai wat 60 ba. Amma wa ya ce su kaɗai ne a layin? Hitar ɗumama ɗaki yawanci wat 2,000 take ci. Dutsen guga tsakanin 1,000 da 2,000. Hitar ruwa ita ma ba ta yin ƙasa da 1,000. Filogi mai baki uku, da fis mai amp 13, iyakarsa wajen wat 3,000, wannan ma idan na kirki ne. Da safe, a muku-mukun sanyin Jos, kina ɗora masa abin da zai iya kai 5,000. Jaki ne aka yi wa kayan raƙumi.

To bari in tsaya a kan fis ɗin, domin a nan zuciyata ke tafasa. Babu makon da zai wuce ban buɗe filogi ko kat-awut na tarar da wannan aika-aikar ba: zaren waya an ninka shi uku, takardar azurfar kwalin sigari, har ƙusa na taɓa cirowa. Kullum amsar ɗaya ce, "Ai fis ɗin ne rago, yawan ƙonewa gare shi." Jama'a, fis an ƙera shi ne domin ya ƙone! Aikinsa ke nan, ba shi da wani. Da gangan aka sa siririyar waya a cikinsa, domin in wuta ta yi yawa ita ce za ta fara narkewa a cikin ɗan bututunta mai yashi, inda ba abin da zai kama. Ran da fis ya ƙone, ran ne ya ci albashinsa. Ɓarawo ya zo, maigadi ya yi ihu har sau biyu, sai aka kira wani ya ɗaure wa maigadin baki domin a samu barci. Abin da aka yi a falonki ke nan.

Kuma fis ba mai saurin fushi ba ne. Na amp 13 yakan jure kusan amp 20 na tsawon lokaci kafin ya tsinke. Idan har ya tsinke sau biyu, ɗayan biyu ne: ko kayan sun wuce ƙima nesa ba kusa ba, ko kuma wayoyi biyu suna haɗuwa a wani wuri, wataƙila a cikin ɗaya daga igiyoyin fitilun. Shin yaron ya auna? Ya duba igiyoyin? Na san bai yi ba. Ya naɗa waya, wuta ta kawo, yara suka yi tsalle, ya karɓi na shan ruwa ya tafi. Gyaran gangar Auzinawa.

Wani zai ce ai akwai bireka, makunnin nan mai katse wuta da kansa in ta yi yawa, a babban akwatin gida. Akwai. Amma birekar layin soket, mai amp 20 ko 32, kakkaurar wayar da ke cikin bango, wadda muke kira 2.5, ita take karewa. Ba ruwanta da siririyar wayar ekstenshanki. Amp 20 na iya bi ta wayar nan sa'a guda birekar tana kallo. Zafin waya kuwa ba ya hawa daidai da wuta: wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Robar da ke rufe waya an yi ta ne ta jure digiri 70, daga nan sai ta fara laushi, ta yi baƙi, ta tsage. Jan ƙarfen da aka naɗa miki a gurbin fis sai ya haura digiri 1,000 kafin ya narke. Ki gaya mini, wanne zai riga sallamawa? Ekstenshan ɗin kasuwa ma da yawansu in ka feɗe wayar sai ka ga zare ƙalilan, wasu alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Araha ba ta ado.

Bara waccan aka kira ni wani gida, ana saura kwana uku Kirsimeti. Da muka janye kujera, ekstenshan ya narke ya manne da leda kamar alewa, bakin filogin ɗaya ya koma toka-toka, soson bayan kujerar ya yi rami baƙi, faɗin tafin hannu. Kakar gidan ce ta tashi fitsarin dare ta ji wari. Na buɗe filogin a gabansu, ga waya an naɗe ta tsaf, da alama mai naɗin ma ya ji daɗin aikinsa. Maigidan, bayan duk wannan, cewa ya yi, "To Injiniya, ba za a iya ɗan gyara shi ba?" Na saka shi a jakata na tafi da shi. Yana shagona har yau, ina nuna wa yaran da ke koyon aiki.

Naki ma ba na gyarawa ba ne. Filogin da ya taɓa yin ƙauri, ƙarafan cikinsa sun saki, riƙonsu ya yi sako-sako, kuma sako-sakon haɗi shi kansa zafi yake haifarwa ko da kaya kaɗan ne, fis ma ba ya ganin wannan. A yanke wayar a jefar, kada wani ya tsinta. Soket ɗin bangon ma a buɗe a duba, in ya sauya launi a sauya shi. Hita, dutsen guga, hitar ruwa: kowanne kai tsaye a bango, ɗaya bayan ɗaya. Na san soket ɗaya ne, kuma na san halin masu gidajen haya, sai a yi ta "za a duba" har Ista. Ki nemi izini, ki kira mai wayarin na gaske ya ƙara miki soket ɗaya da waya 2.5. Hukumar NEMSA, mai sa ido kan ingancin aikin wutar lantarki, tana ba masu wannan sana'a takardar shaidar ƙwarewa, ba laifi ba ne ki ce ya nuna miki tasa, mai ita ba ya jin haushi.

Yanzu fitilun. Ƙanƙantarsu na ruɗin mutane, ana yi musu kallon kayan wasan yara. Duba filoginsu. In akwai ɗan akwati mai nauyi a bakin bango, an rubuta 24V ko 31V ko 5V a matsayin wutar da ke fita, to an rage ƙarfinta kafin ta shiga igiya, wannan da sauƙi. In kuwa siririn filogi ne mai baki biyu, da ɗan akwatin sauya walƙiya mara nauyi, an rubuta 220V, to wutar gida ce ɗungurungum ke yawo a wannan zaren da ya fi taliya sirantaka, a daidai inda hannun mai rarrafe ke kaiwa. Irin waɗannan ba fis a filoginsu, ga shi ana cusa su a soket da murfin biro. Ki bi kowace igiya da yatsu, a zare take ba a kunne ba. Inda kika ga jan ƙarfe a fili, ko ƙwai ya fashe, ko an haɗa da salatif ko ledar burodi, ta tashi daga aiki. Masu lafiyar a haɗa su da sabon ekstenshan mai kyau, su da talabijin kawai, da fis mai amp 3 ko 5, a ajiye shi a sarari inda ido ke gani, a warware wayarsa, kada ta bi ƙarƙashin kafet. Kada a kafe igiya da ƙusa ko fil a jikin silin ko ƙyauren ƙofa. Ɗan maƙali na roba ko zare ya wadatar.

Ni dai in ana neman shawarata, masu batir da masu USB sun fi dacewa da gidajenmu. Ki jona a power bank, ko an ɗauke wuta bishiyarki na haske, maƙwabta na leƙe. Sai dai ƙananan batura masu kama da maɓalli, a ɓoye su daga yara, haɗiye ɗaya na iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i.

Audugar nan kuma. Turawan da muka gani a hoto, ƙanƙara ce ke zubo musu a Disamba, mu hunturu muke ciki, leɓe na tsagewa, wanki na bushewa kafin azahar. Auduga, kwali, busasshiyar ciyawa, bishiyar roba, labule, soson kujera, in silin ɗinki na roba ne har da shi: wanda ya tashi haɗa wuta da gangan ba zai tara fiye da haka ba. Ki kwashe audugar, ki lulluɓe gindin bishiyar da farin ƙyalle ko ragowar atamfar ankon Zumunta, ya ma fi kyau. Komin dabbobin kada a rusa wa yaro aikinsa, a ɗora shi a tebur can gefe, ba kyandir, ba igiyar 220V a cikin ciyawar, ɗan tocila mai batir ya isa ya haskaka jaririn. Bishiya ta yi nesa da hita aƙalla mita ɗaya, kada kuma ta tare ƙofa. Sauran adon ai ba ya buƙatar wuta ko kaɗan: sarƙar takarda mai launi, balan-balan, tauraron kara da yara za su ɗaure da kansu, faifai da ƙorai a bango. Gidan da na fi tunawa da kyansa a Kirsimeti, igiyar fitila ɗaya ce tal a cikinsa, an zagaye tagar falo da ita.

Batun barin su a kunne, a'a. Ko barci, ko sujada, ko zuwa gaisuwa, a zare daga bango. Abin da ya fi cin mutane shi ne a ɗauke wuta da ƙarfe tara, kowa ya kwanta a duhu an manta komai a kunne, a dawo da ita ƙarfe biyun dare, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce ƙima, hita na fuskantar labule ba mai gani. Ki ɗora wa babban ɗanki wannan aikin, da an ɗauke wuta shi ne mai zagayen kashewa. Janareta kuma waje, nesa da taga, komai sanyi komai tsoron ɓarawo, hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari. In Allah ya kiyaye wuta ta tashi daga waya, kada a watsa ruwa sai an kashe babban makunni, a fitar da yara tukuna, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana. Kowa a gidan ya san inda babban makunnin yake, har a duhu.

Ina da magana da 'yan'uwana na kwamitin adon majami'u ma, tunda kowace shekara sai mun yi wannan rigimar. A kashe kuɗi a sayo yadi, a lulluɓe bagadi daga sama har ƙasa, a saƙa igiyoyin fitilu a cikin yadin, a jona da wayoyi tsirara an tokare da tsinken ashana, kusa da amfilifaya, mutum ɗari biyar a ciki, ƙofar gefe a garƙame. In ka yi magana a ce, "Ubangiji zai tsare." Zai tsare, na gaskata. Amma da Iblis ya ce wa Yesu ya faɗo daga kan Haikali mala'iku za su tare shi, me ya amsa? Cewa ya yi kada ka gwada Ubangiji Allahnka. A buɗe Matiyu 4, aya ta 7, a karanta wa kwamiti kafin a naɗa waya a gurbin fis.

Yaron layinku kuma, Uwargida, kada ki yi masa faɗa, abin da ya ga ubangidansa na yi ne. Ki ba shi tsohon filogin ya buɗe da hannunsa, ya shinshina.