Kiwon karfasa a Daura: ina arhar take?

Wani mai sayar da banda a kasuwar Daura ya rubuto cewa ya tara ɗan jari, kuma yana so ya fara kiwon karfasa a bayan gidansa maimakon jiran abin da masunta ke kawowa daga madatsun ruwan Sabke da Daberam. An gaya masa kiwonta ya fi na tarwaɗa arha, yana tambaya ko haka ne.

Malam, abin da aka gaya maka gaskiya ne, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana cikin cimar kifin. Karfasa, mai faɗin jiki da ƙaya a gadon baya da ratsi-ratsi a wutsiya, ta fi son ruwa mai ɗumi marar zurfi, kuma abincinta na asali shi ne gansakuka da ƙananan tsirran da ke mayar da ruwa kore. A kududdufin ƙasa da aka zuba wa kashin kaji daidai misali, rana kuma tana dukansa, ruwan da kansa yake samar da kaso mai tsoka na abincin, kai kuwa sai ka cika da dusar shinkafa ko ta masara da garin ƙuli-ƙuli. Ana gane ruwan ya ƙoshi idan mutum ya tsoma hannu har gwiwa ya daina hango tafinsa. Tarwaɗa kuwa abincin kamfani take so, mai furotin kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma shi ne ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwonta. Arhar ke nan. Idan ka zuba karfasa a tankin siminti ko na tamfol, inda sai abin da ka saya za ta ci, to arhar ta tafi.

Saboda haka ban goyi bayan kiwon bayan gida ba. Nemi fili a fadama mai laka, domin rairayin ƙasar Daura ba ya riƙe ruwa, kuma kuɗin man injin ban ruwa zai lashe ribar.

Abin da ya fi karya masu kiwon karfasa shi ne yawan haihuwarta. Namiji yana haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa, mace ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe shi ta riƙe a bakinta har ya ƙyanƙyashe, kuma a tsawon wannan lokaci kusan ba ta cin komai. Tana fara hakan tun tana ƙarama, sai ka wayi gari kududdufi ya cika maƙil da ƙananan kifaye masu rububin abinci ɗaya, babu wanda ya kai girman tafin hannu. Mai saye ba zai biya kuɗin kirki a kan ƙaya zalla ba. Maganin shi ne ka sayi 'ya'yan kifi maza kaɗai, waɗanda dama sun fi saurin girma, ka zuba biyu zuwa uku a kowace murabba'in mita, ka kuma saka 'yan tarwaɗa kaɗan su riƙa cinye duk ƙananan da suka ɓullo.

Ka kuma sani karfasa ba ta shaƙar iska a waje kamar tarwaɗa. Idan ka ga suna buɗe baki a saman ruwa da asuba, taki ya yi yawa, sai ka tsayar da shi ka ƙara sabon ruwa. Ba ta kuma jure zaman baho, don haka ranar kamu ita ce ranar sayarwa. A nan sana'arka ta ba ka rinjaye, tunda abin da bai shiga ɗanye ba kana iya bandarsa.

Sanyin hunturu yana rage mata ci da girma, musamman idan ɗumin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20. Ka zuba iri a watan Maris ko Afrilu idan kana da tabbacin ruwa, ka kwashe bayan kamar wata 6, kafin Disamba. Fara da kududdufi ɗaya, kada ka taɓa jarin bandarka, kuma ka rubuta kowace naira da ta fita domin ka san nawa kilo ɗaya ya tsaya maka kafin ka haƙa na biyu.