Sanyin da ke tafiya yana dawowa: allurar kyamis, jarkar kasuwa, ko gwajin fitsari?

Saƙonnin wannan makon kusan duk ƙofa ɗaya suka buga, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na sakaya sunaye kamar yadda aka roƙa.

Tambaya: "Anti, ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Bunkure, 'ya'yana biyu. Tun bara ciwon sanyi yake damuna. In zan yi fitsari kamar an zuba min barkono, yanzu na fito yanzu zan koma, ɗan kaɗan ne kuma yake fita, marata ta yi nauyi. Mai kyamis ɗin garinmu yana haɗa min Ampiclox da Flagyl, in sha kwana biyu ko uku ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Yanzu ya ce sai dai allura. Maƙwabciyata kuma ta ce in sayi na jarka da ake talla a mota ran kasuwa. Kuɗina ba zai kai duka biyun ba. Wanne zan saya?"

'Yar'uwa, kada ki sayi ko ɗaya. Kuɗin nan ki ƙulle shi a bakin zani, ki haɗa da na mota, ki je babban asibiti a yi miki gwajin fitsari. In kika bar ƙwayar kyamis kika koma jarka, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kalmar "sanyi" a bakinmu jakar magori ce, babu abin da ba a jefawa a ciki. Mai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo ta ce sanyi. Mai ruwa mai ƙarni ta ce sanyi. Wadda ta ɗauki ciwo ta wajen saduwa ta ce sanyi. Mai zafin fitsari ma sanyi. Ciwo huɗu ke nan, kowanne da maganinsa, kuma na wannan ba ya yi wa wancan. Naki, yadda kika kwatanta shi, ya fi kama da na mafitsara.

Mafi yawan lokaci ƙwayar cuta ɗaya ce ke jawo shi, sunanta E. coli, kuma ba daga nesa take zuwa ba. A hanjin kowa take zaune, a can ba ta ɓarna. Sai ta fito tare da bayan gida, ta samu hanya ta shiga mafitsara, sannan ta zama ciwo. Hanyar fitsarin mace ba ta wuce santimita 4 ba, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba, kuma bakinta yana dab da dubura. Ta namiji ta kusa santimita 20. Abin da ya sa muka fi su shan wannan wahala ke nan, halitta ce, ba ƙazanta ba. Wadda ciwon ya kama sau biyu cikin wata shida, ko sau uku a shekara, likitoci suna lissafa ta a masu maimaitawa, kuma ke kin shiga sahun.

Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta zazzage ledar magungunanta a kan tebur gaban malamar asibiti: rabin katin wannan, ƙwaya uku ta wancan, ja da baƙi, ja da rawaya, wani ma an yanke shi da almakashi har sunan ya tafi. Ba ta ƙarasa ko ɗaya ba. Haka ciwon ke samun gindin zama. Flagyl ba ya taɓa E. coli ko kaɗan. Ampiclox kuwa, yawancin ƙwayoyin da ke yawo a wajenmu sun daɗe da daina jin sa, Septrin ma haka. Magani in aka sha shi rabi da rabi, masu rauni ne suke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Allurar da mai kyamis ɗin ya ce zai miki ta fi ba ni tsoro, don wadda aka fi yi a irin wannan hali, gentamicin, tana iya taɓa ƙoda da ji in an yi ta babu lissafi. Na jarka kuma ba ki san abin da ke ciki ba, ba ki san yawansa ba, ran da ya ɓata miki ciki motar ta riga ta kai wata kasuwar.

A asibiti ki ce kina son gwajin fitsari na shuka, wanda ake jiran sakamakonsa kwana biyu zuwa uku, ba na tsoma 'yar takarda kaɗai ba. Ki je lokacin da ciwon yake tashe, kafin ki sha komai. In kin riga kin sha, ki faɗa. Za su ba ki 'yar kwalba mai murfi. Ki yi tsarki da ruwa zalla, ki bar fitsarin farko ya zuba, ki tari na tsakiya, ki miƙa nan take. Takardar da za ta fito tana da sunayen magunguna a jere, gaban wani harafin S, gaban wani R. Mai S shi ƙwayar cutar take ji, mai R asarar kuɗi ne. Sau da yawa maganin da ya dace ba mai tsada ba ne. Nitrofurantoin, alal misali, ƙwaya ce mai sauƙin kuɗi da ake sha kamar kwana biyar, amma likita ne zai ce ko ya dace da jikinki. Ki shanye duka ko kin ji sauƙi ran na biyu. Takardar kuma ki adana ta a ƙasan adaka, za ta yi amfani gaba.

Sai wani abu da ya shafi yankinku. Bunkure, Kura, Garun Malam, Kadawa, duk ƙasar noman rani ce, ruwan Tiga yana bin kanal. In kina shiga ruwan nan wanki ko dashen shinkafa, kuma kin taɓa ganin jini a ƙarshen fitsari, ki gaya musu su duba tsargiya. Tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta ratsa fata. Mun ɗauke ta ciwon yara maza masu wanka a rafi, alhali tana kama mata, tana sa zafin fitsari da ciwon mara, kuma ko buhun Ampiclox aka sha ba ta san ana yi ba. Maganinta praziquantel ne, ana auna shi da nauyi ko tsayin mutum, a sha rana ɗaya. Mutanen fadamar Haɗeja da Auyo, wannan magana har da ku.

Maganin hana dawowa kuwa yana cikin randarki. A 2018 an wallafa wani bincike da aka yi a kan mata masu irin ciwonki waɗanda ba sa shan ruwa sosai. Rabinsu aka sa su ƙara lita ɗaya da rabi kullum, kuma cikin shekara ciwon ya ragu musu da kusan rabi. Lita ɗaya da rabi kamar leda uku ce ta fiya wata, ba sai kin saya ba, ruwan burtsatse mai tsabta ya isa. Ki duba fitsarinki: in ya yi duhu kamar shayi, ruwa ya yi kaɗan. Da bazara, ko da azumi tsakanin buɗa-baki da sahur, ki ƙara himma. Kada ki riƙe fitsari. Bayan kun sadu da maigida ki daure ki tashi ki yi fitsari kafin barci ya ɗauke ki. Wajen tsarki ki fara da gaba, sannan ki zagaya da hannu ta baya ki wanke bayan, kada hannun ya dawo gaba sai kin wanke shi da sabulu. In bayan gida yana miki tauri ki yawaita ganye, zogale, rama, kuka, don cushewar ciki tana hana mafitsara juyewa sosai.

In duk kin yi wannan gwaji ya ci gaba da nuna ciwon, akwai sauran dabara a hannun likita: hoton mara don a duba tsakuwa ko fitsarin da ke kwantawa, ko ƙaramin magani da za ki riƙa sha kullum da dare na wasu watanni, ko ƙwaya ɗaya bayan saduwa. Amma ran da zazzaɓi da rawar ɗari suka zo, da ciwon kuiɓi ko amai, kada ki ce maleriya ce ki jira. Ciwon ya haura ƙoda ke nan, a ranar za ki tafi asibiti.

Tambaya: "Hajiya, gidanmu gidan yawa ne a ƙasar Ringim, masai ɗaya muke shiga. Iyalina tana fama da zafin fitsari, an ce a masai take ɗauka. Na sayi Izal da Dettol, ina kuma shirin haƙa mata nata. Sannan an ce ni ma sai na sha magani. Haka ne?"

Malam, Allah ya saka maka da ka damu har ka tambaya, ba kowa ke yi ba. Tsugunawa a kan masai ba ta sa wannan ciwo, tururin ramin ma ba ya sa shi, ko da yake an daɗe ana faɗa. Izal ka zuba a ƙasa da bakin rami, Dettol kuma kada ta sa shi a ruwan tsarki, ƙona wurin yake yi.

Amma ka haƙa mata masan, in da hali, don wani dalilin daban. Mace a gidan yawa, in hanyar banɗaki ta bi ta gaban ɗakin suruka ko inda ƙannen miji ke zama, kunya ce take hana ta tashi. Na san wadda takan ƙi shan ruwa tun hantsi don kada a ga ta ɗauki buta sau uku, ta matse har sai an tafi sallar magariba. Fitsarin da ya kwanta awanni a mafitsara shi ne gonar ƙwayar. Masai a kusa da ɗakinta, da ƙyaure da murfi, da butarta ita kaɗai, zai yi aikin da Izal ba zai yi ba. Ka dai nisanta ramin da rijiya.

Batun shan maganinka: in gwaji ya nuna na mafitsara ne zalla, ba ka buƙata, ba irin wanda miji da mata ke miƙa wa juna ba ne. In kuwa an ga irin wanda ake ɗauka ta saduwa, ko kai ma kana jin zafi ko ganin ruwa yana fita, to duk gidan ne za a yi wa magani lokaci guda, har abokiyar zamanta in akwai. Ku je tare.

Tambaya: "Anti, wata uku da bikina. Tun satin farko nake jin zafin fitsari. Ƙawayena sun ce in sayi sabulun tsarki da miski da maganin matsi. Wanne ya fi kyau?"

Ƙanwata, zafin fitsari a farkon aure sananne ne, saduwa ce take tura ƙwayar zuwa bakin hanyar fitsari, ba laifinki ba ne, ba na angon ba. Cikin ukun nan babu wanda zan ce ki saya. Gaban mace yana da nasa masu gadi, wasu ƙwayoyi masu amfani da ke sa wurin ɗan tsami don baƙi su kasa zama. Sabulu mai ƙamshi, alif, bagaruwa, duk abin da ake cusawa, su yake kora, ya busar da wurin, ya bar 'yan tsage. Ruwa zalla ya ishe ki, a waje kawai. In kuɗin yana miki ƙaiƙayi a hannu, ki sayi kamfai na auduga guda shida, ba mai santsin roba ba, ki riƙa shanya su a rana maimakon bayan ƙyaure. Lokacin al'ada, ko audugar mata ce ko ƙunzugu, ki riƙa canzawa a kai a kai. Kuma ki je a gwada fitsarin, a haɗa da gwajin ciki, don wata uku da biki ba a ba wa amarya magani da ka. Ciprofloxacin da ake sayarwa kamar gyaɗa ba na mai ciki ba ne. Mai ciki kuma ko ba ta jin zafi ana duba fitsarinta a wajen awo, saboda ciwon yana iya haurawa ƙoda ya tayar da naƙuda lokaci bai yi ba.

Wata ta tambaya ko ta aika Kano a sayo mata lemon kwali na cranberry da ta gani a Facebook, ko zoɓo da jar kanwa sun wadatar. Cranberry yana ɗan rage dawowar ciwon ga wasu, ba ya warkar da wanda ya riga ya kama, na kwalin kuma ga yawan suga ga tsada. Zoɓo ki sha don daɗi, ruwa ne, amma ba magani ba. Kanwa ki bar ta a tukunyar wake.

Tambaya ta ƙarshe daga wata ce a wajen Gumel, a kan mahaifiyarta: "Inna ta haura sittin, haihuwarta tara. Da can ba ta san wannan ciwo ba, yanzu kusan duk wata. Tana yawan shan ruwa, tana tashi fitsari da dare. Wane magani zan riƙa ajiye mata?"

Kada ki ajiye komai tukuna, ki kai Inna a gwada mata suga. Ƙishirwa da fitsarin dare da ciwon da ba ya jin magani, su ukun in sun haɗu ciwon suga ake fara nema, kuma ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, da safe kafin ta karya. Bayan haka, ɗaukewar al'ada kanta tana sa fatar wurin ta yi siriri ta bushe, masu gadin nan su ragu. Akwai man shafawa na sinadarin estirojin da likitan mata ke rubutawa, yana rage dawowar ciwon sosai, amma sai an duba ta. Haihuwa tara kuma takan sa mahaifa ko mafitsara ta sauko, fitsari ya riƙa saura. Inna ba za ta faɗa miki tana jin wani abu yana leƙowa ba, ke 'yarta ce. Ki nemi malamar asibiti mace, babba, ki shigar da ita, ke kuma ki fito waje ki jira.