Ta yaya ɗalibai za su koyi nemo hujjar muhawara da kansu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a makarantar sakandare, ina horar da ƙungiyar muhawara. Ni nake nemo musu hujjoji in rubuta, su haddace. Suna cin gasa, amma da zarar abokin hamayya ya jefo tambaya sai su yi tsit. Mece ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tsit ɗin nan daga takardarki yake fitowa. Yaron da ya haddace adadi bai san tushensa ba, da an ce masa "wa ya faɗa, a wace shekara?" shi ke nan ya tsaya.

A gasar muhawara ta makarantun duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, akwai kudurorin da ake bayarwa awa ɗaya kacal kafin a fara, babu intanet, babu mai horarwa a ɗakin. Wanda bai saba tono bayani da kansa ba, can zai gane kurensa.

Ki ba kowane ɗalibi kati, ya rubuta abu huɗu: da'awar, wanda ya fitar da ita, shekarar, da ainihin abin da aka auna. Na ƙarshen nan ne ya fi wuya, kuma nan nake so ki daɗe da su. Misali, ɗalibi ya ɗauko labarin cewa rashin aikin yi ya ragu. A ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, marar aiki shi ne wanda ba ya aiki, yana shirye ya yi, kuma yana nema. Wanda ya gaji ya daina nema ba ya cikin lissafin. To, adadin na iya sauka alhali mutane na zaune a gida. Yarinyar da ta gano wannan da kanta, ba mai kayar da ita a kansa.

Kada su tsaya a kanun jarida, su bi har rahoton asali na Bankin Duniya ko UNESCO. Wikipedia kuwa su shiga don ɗauko madogaran da ke ƙasan shafi kawai.

Kar ki faɗa musu ɓangaren da za su kare sai ranar atisaye, don su shirya duka biyun. Kowa ya karanta katinsa, sauran su yi masa ruwan tambayoyi. Katin da ya kasa tsayawa a ajiye shi, a koma nema.

Da farko za su iya faɗuwa a gasa ɗaya ko biyu. Ki sanar da shugaban makaranta tun yanzu, kada a matsa miki ki koma rubuta musu.