Uwar takarda ba ta fita daga shagon nan

Ka tambaye ni ko za ka ba mutanen nan aron uwar takardar kiɗan wasan The Fairy Queen, wato ainihin kwafin da muke kwafa daga gare shi, tunda sun ce mako biyu kawai za su yi da ita. Yaro, mayar da ita inda ka ɗauko.

Ka san abin da ya sami wasan nan kuwa? Henry Purcell, wani mai tsara kiɗa ɗan Ingila, ya tsara kiɗansa, aka fara nuna shi a gidan wasa na Dorset Garden a Landan cikin watan Mayun 1692. Irin wasan nan ne da 'yan wasa ke magana, can mawaƙa da 'yan rawa su karɓi fili, sannan a koma magana. Purcell ya rasu a 1695, takardun suka yi ɓatan dabo. A 1701 aka sa ladan gini 20, kuɗin zinariyar Ingila na lokacin, ga duk wanda ya kawo su, shiru kake ji. Sai wajen 1901 aka tsince su a ɗakin karatu na makarantar kiɗa ta Royal Academy of Music da ke Landan. Shekara 200 ke nan ba mai iya nuna shi cikakke.

Ni ma an yi mini, har gobe abin yana ci mini rai. Wata bakwai na yi a duƙe ina kwafar wasan nan da alƙalami da tawada, masu goge da nasu, masu kakaki da nasu, har idona ya soma yaji. Wani shugaban makaɗa ya zo, baki kamar zuma, wai aron kwana goma. Ban sa shi ya sa hannu a ko'ina ba, na ga mutum mai furfura. Sai bayan wata huɗu ya aiko yaro da su cikin leda. Kashi na huɗu babu shi ɗungurungum, sauran an zane su da jan biro, shafi guda da zoben kofin shayi a tsakiyarsa. Da na yi magana, ya dubi tsabar idona ya ce haka na ba shi. Ko sisi ban gani ba.

Zana layuka biyar ɗin da ake rubuta kiɗa a kansu da sa lambar shafi, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Ku yaran yanzu kun ɗauka in kun ɗauki hoto da waya kun gama aiki, alhali ko gaɓar kiɗan da ta tsallake ba ku iya ganowa.

Ka ce musu su kawo kafin alƙalami, ka kwafa musu. Makullin akwatin kuwa yana aljihuna.